Taurarin kantin intanet da cinikin madabod

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai masu sarin kayan kwamfuta, yau maganarmu a kan madabod take, watau babban allon nan na cikin kwamfuta wanda kome da kome ke hawa kansa: furosesa, da ram, da ma'ajiyar bayanai, da wayoyin wuta. Masu gyara bod suke ce masa a taƙaice. Yawancin sababbin da ake sarowa na kamfanoni huɗu ne, ASUS da Gigabyte da MSI da ASRock, dukkansu kuwa na Taiwan ne.

Da yawa daga cikinku yanzu ta intanet kuke yin oda, a Amazon ko AliExpress ko Newegg. Wannan kuwa cinikin biri a sama ne, ba ka taɓa ba, ba ka juya ba. Abin da ake ba ka madadin gani shi ne taurari, daga ɗaya zuwa biyar, waɗanda masu saye suka ba kayan. Newegg su ƙwai suke zanawa maimakon tauraro, amma lissafin ɗaya ne. To, mutum ya ga bod mai 4.7 da wani mai 4.3, sai ya zuba uwar kuɗinsa a na farko. Mu dai muna ganin ba a nan gizo ke saƙa ba.

A fara duba mutum nawa suka yi shaidar. A ce mutum goma ne, tara suka ba da biyar-biyar, ɗaya ya ba da tauraro guda: 46 ke nan, a raba goma, 4.6. In wani ya zo gobe a fusace ya ƙara tauraro guda, lissafi ya zube ƙasa da 4.3, alhali bod ɗin bai sāke ba. Shaidar mutum goma ba ta kai a aza jari a kanta ba. Ta mutum dubu biyu ta fi nauyi, ko da taurarinta sun gaza kaɗan.

Sa'an nan a tambaya, yaushe aka ba da tauraron? Galibi a makon farko ne, kaya na isowa. A AliExpress za ku ga shaidu birjik masu cewa kaya ya iso da wuri, kwali lafiya, ba a gwada ba tukuna, ga taurari biyar. Wannan ai yabon mai kawo saƙo ne. Madabod kuwa irin kayan da aibinsa ke ɓoyewa ne sai an daɗe ana aiki da shi. Ku tuna abin da ya faru a 2011. A farkon watan Janairu aka fara sayar da bod masu cifset P67 da H67 na Intel, cifset kuwa shi ne ɗan guntun da ke tsara zirga-zirgar bayanai a kan allon. Ranar 31 ga watan Intel ya fito ya ce akwai aibi: huɗu daga cikin kafofin da ake haɗa ma'ajiyar bayanai suna lalacewa a hankali, yau da gobe. Kamfanin ya ƙiyasta gyara da musanya za su ci masa dala miliyan 700. Duk wanda ya kunna nasa a makon farko ya ga yana aiki sumul, me zai hana shi ba da biyar? Wanda ya yi sari a kan wannan shaida kuwa sai ya tashi da kayan da ake jiran a mayar. Gyararrun da suka biyo baya an buga musu alamar B3, kuma ita ce mai hankali ya riƙa nema a kwali.

Haka kuma tauraro guda ba kullum laifin kaya ba ne. Bod ba rediyo ba ne da za a sa batir ya kama magana, sai an haɗa shi da abokan aikinsa, kowane kuwa da gurbinsa. Furosesar AMD ta gurbin AM4 ba ta shiga AM5. Gurbin AM5, wanda ya fito a 2022, ram DDR5 kaɗai yake karɓa. Na Intel masu gurbin LGA1700 kuwa iri biyu ne, akwai na DDR4 akwai na DDR5, kuma sau da yawa sunansu kusan ɗaya. Mutum ya sayi wannan ya kawo ram na wancan, ya ƙi shiga, sai ya huce a kan tauraro. A 2019 ma da furosesa Ryzen 3000 ta fito, tsofaffin bod B450 da suka kwana a sito ba su san ta ba sai an sabunta musu BIOS, watau 'yar manhajar da ke tada kwamfuta. Mai saye ya haɗa, ya danna, shiru, sai ya rubuta wai matacce aka aiko masa. Ga kuma ƙananan allurai 1,700 da ke cikin gurbin LGA1700, siraran gaske, ɗan kuskuren yatsa ya tanƙwara su. Masu ƙerawa ba safai suke karɓar irin wannan ɓarna a garanti ba, mai ita kuwa da wuya ya rubuta cewa hannunsa ne.

To, ina amfanin shaidar ke nan? Amfaninta yana cikin rubutun da ke ƙasan taurari. Ku buɗe masu tauraro ɗaya da biyu, ku jera su daga na kwanan nan, ku karanta kamar ashirin. In kowa da kukansa daban, wannan kwali ya fashe, wancan bai iya haɗawa ba, ba kome. In kuwa mutum bakwai da ba su san juna ba duk suna kuka da wuri ɗaya, kafar intanet tana yankewa, ko gurbin ram na biyu ba ya gani, to a ja da baya. Haka aka gane na ASUS ROG Maximus Z690 Hero, bod mai tsadar gaske: masu saye suka yi ta nuna hoton ƙuna a wuri ɗaya. A Disamba 2021 kamfanin ya amsa cewa an dasa wata kafasita a juye a waɗansunsu, a 2022 kuma aka janye kimanin 10,000 a Amurka. Masu tauraro uku su ma a karanta su, mun lura su ne suka fi faɗin gaskiya, don ba fushi ba zumuɗi.

Akwai kuma shaidar saye, kamar dai dillali ya ajiye yaransa a gefe suna taya kaya don a ɗaga farashi. A 2021 Amazon ya kori alamun kaya kusan 600 na 'yan kasuwar Sin saboda maguɗin shaida, a 2022 ya kai ƙarar masu kula da zauruka fiye da 10,000 a Facebook inda ake cinikinta. A 2024 hukumar ciniki ta Amurka ta kafa dokar hana saye da sayar da shaidar ƙarya. Doka dai ta Amurka ce, ba kowane kanti ta kai ba. Yabo gajere mai kama da juna, wanda ya zubo cikin kwana biyu ko uku, a yi masa kallon tsanaki.

Har wa yau ku tabbata shaidar ta kayan da za ku saya ce. Waɗansu kantuna sukan tara shaidar iri daban-daban a shafi guda, mai wayafai da marar shi, babba da ƙarami. Kamfani kuma yakan sauya kayan haɗi ya bar suna yadda yake. Gigabyte yakan buga lambar bugu a kusurwar allo, 1.0 ko 1.1 da sauransu, sai a tambayi mai sayarwa wanne ne a hannunsa. Bod masu araha na X79 da X99 da ke cika AliExpress kuwa, da yawansu allon sabo ne amma cifset ɗin daga tsohon kaya aka ciro shi. Suna da kasuwarsu, amma a gaya wa mai saye abin da yake saye.

Abin da ya fi shafar aljihunku shi ne wannan. Mai ba da tauraro a Amurka ko Jamus yana ɗaki mai sanyi, wutarsa a tsaye, in kaya ya ƙi kuma galibi yana da damar ya mayar. Ku kuwa bod zai je inda zafin bazara da ƙurar hunturu da wuta mai hawa da sauka ke jiransa, kuɗin mayarwa kuma ya iya cinye ribar kwali duka. Zomo kuwa ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, mai saye rumfarku zai dawo, ba Taiwan ba. Saboda haka a duba hoto a ga ko akwai ƙarfen shan zafi a kan sashen wuta da ke kewaye da gurbin furosesa, don masu arahar gaske tsirara suke zuwa. Sabon iri kuma a fara da biyu ko uku, a ba mai gyara ya haɗa ya bar su suna aiki kwanaki kafin a yi odar kwali. Wanda duk ya iso babu murfin roba a kan gurbin allurai, a ɗauki hotonsa nan take kafin a taɓa shi.