Tarihin kwabo: Kuɗin da ya rage a takardar albashi kaɗai

Duk ma'aikacin tarayya da ya duba takardar albashinsa zai tarar bayan adadin naira akwai ɗigo, bayan ɗigon kuma lambobi biyu. Waɗannan su ne kwabbai. Tsarin IPPIS yana lissafa su, ana yanke haraji da kuɗin fansho har da su, kuma Sashe na 15 na Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 yana nan a kan cewa naira ɗaya kwabo ɗari ce. Sai dai babu bankin da zai ɗora wa mutum kwabo ɗaya a tafin hannu, domin tun ranar 28 ga Fabrairun 2007 aka janye shi daga kasuwa. Akwai matasa da ke aiki a ma'aikatu yau, suna rubuta shi a fayil kullum, ba su taɓa ganin kamanninsa ba.

Sunan ya girmi ƙasar. Kwabo ya samo asali ne daga kalmar Turanci ta jan ƙarfe, wadda 'yan kasuwar bakin teku suke kiran penin Ingila da ita. Kafin ya iso, wuri ne kuɗin ƙasar Hausa, kuma ita kanta kalmar "kuɗi" jam'in wuri ce. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Fatake sukan ƙirga wuri 20,000 su ɗinke a tsohuwar tabarma, su kira shi keso ɗaya. Wannan nauyi shi ne babban aibin wuri: da darajarsa ta ci gaba da faɗuwa, ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara, don ladan ɗan dako yana cinye wani kaso na kayan da ya ɗauko. Turawan mulki sun hana shigo da shi a 1904, amma hani kaɗai ba ya kashe kuɗi. Sai an ba talaka abin da zai sayi gishiri da daddawa da shi.

Abin da aka ba shi a 1907 shi ne kwabo mai huda da ƙaramin ƙanensa anini, wanda goma suke yin kwabo ɗaya. An tsara su ne da mai amfani da wuri a zuciya. Hudar tsakiya tana ba da damar a zura su a igiya a ɗaura a kugu, ga mutanen da tufafinsu ba su da aljihu irin na Bature. A fuska ɗaya akwai kambin sarautar Ingila da sunan sarki, da kuma darajar kuɗin cikin rubutun Larabci, saboda a lokacin masu karatun allo sun fi masu karatun boko yawa nesa ba kusa ba. A ɗaya fuskar akwai tauraro mai tsini shida, wanda malamai suka sani da hatimin Annabi Sulaiman, kuma shi ne daga baya ya hau tutar Najeriya ta mulkin mallaka. Aninin farko na sanholo ne, wato alminiyom, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe, amma bai jure ba, sai aka sauya shi a 1908. Shi kuwa kwabon, duk da sunansa na jan ƙarfe, fari ne, gaurayen jan ƙarfe da nikel. Bai koma ja ba sai a 1952 da aka fara buga shi da tagulla.

Hudar ta jawo wani abin mamaki a 1936. Sarki Edward na Takwas ya yi murabus a watan Disamba na shekarar kafin a saki kuɗi mai hotonsa a Ingila. Amma tun da kwabon Afirka ta Yamma ba shi da wurin sa fuska, suna kawai ake rubutawa, an riga an buga an rarraba. Ta haka sunan sarkin da bai shiga aljihun mutanen Landan ba ya yi ta yawo a kasuwar Kurmi.

Daga wannan zamani ne harshe ya gaji sunayen da har yanzu ba su mutu ba: taro kwabo uku, sisi kwabo shida, sule kwabo goma sha biyu, fam sule ashirin. Wanda ya ce ba shi da ko sisin kwabo, rabin kwabo yake nufi, ko ya sani ko bai sani ba. Anini ma ya bar kasuwa ya koma kafaɗar hafsoshin soja da 'yan sanda.

A ranar 1 ga Yulin 1959 sabon Babban Bankin Najeriya ya fitar da kuɗin ƙasa na farko, ya maye gurbin na Hukumar Kuɗi ta Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912. An bar anini a baya. Kwabo ya riƙe hudarsa da tauraronsa, sunan ƙasa kawai aka sauya zuwa Tarayyar Najeriya. Manyan sulallan ne suka ɗauki sabon saƙo, kuma saƙon na gona ne: auduga a kan taro, koko a kan sisi, kwakwar manja a kan sule, gyaɗa a kan sule biyu. Duk wanda ya jera su a tebur ya ga tattalin arzikin jihohi uku na wancan lokaci, da abin da kowace hukumar ciniki take sayarwa waje.

Babban sauyin ya zo ne ranar 1 ga Janairun 1973, a mulkin Janar Yakubu Gowon, lokacin Clement Isong yana gwamnan Babban Banki. Aka yi ban kwana da fam da sule, aka shigo da naira mai kwabo ɗari. Naira ɗaya ta tsaya a madadin sule goma, saboda haka sule ya zama kwabo 10, sisi ya zama kwabo 5, shi kuma sabon kwabo ya ɗan ɗara tsohon daraja kaɗan. Masu zanen sun yi hikimar barin hotuna inda ido ya saba da su. Kwabo 10 ya gaji kwakwar manjan sule, kwabo 5 ya gaji kokon sisi, don haka tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli ba ta buƙaci a yi mata bayani ba, ta ci gaba da kiran su sule da sisi har suka ɓace. Gyaɗa ta koma kan kwabo 25, a wannan karon har da dalar gyaɗa irin ta Kano. Auduga kuwa aka sauke ta zuwa rabin kwabo.

Hoto ɗaya ne tak sabo a cikin jerin, kuma a kan kwabo ɗaya aka ɗora shi. An toshe hudar, an cire tauraron da kambin Sarauniya, aka sa tambarin Najeriya a fuska ɗaya, a ɗayar kuma hasumiyoyin haƙar man fetur. Shekara 17 ke nan da gano mai a Oloibiri, kuma watanni kaɗan suka rage yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973 ya ninka farashinsa a kasuwar duniya. Da wuya a ce masu zanen sun hango abin da ke tafe, amma jerin sulallan 1973 ya fi yawancin jawaban kasafin kuɗi faɗin gaskiya. Huɗu daga cikin biyar suna nuna amfanin gonar da ke shirin durƙushewa, har dalar gyaɗar da aka zana ba ta kai ƙarshen shekarun 1970 a tsaye ba. Na biyar yana nuna abin da zai haɗiye su.

A lokacin kwabo kuɗi ne na gaske. Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi, wato kwabo ya fi santi ɗaya na Amurka ƙarfi. Yaro yakan tafi makaranta da shi ya ci ƙosai.

Sauyin da ya biyo baya ƙarami ne, sai mai lura yake gani. A 1978 an ƙara wa taken ƙasa na haɗin kai da imani kalmomin zaman lafiya da ci gaba, kuma kwabban da aka buga a ƙarshen shekarun 1980 suna ɗauke da dogon taken. Amma a daidai wannan lokaci tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shi a 1986 ya riga ya fara cin darajar naira. Zuwa 1991 dala ɗaya ta kai kusan naira 10. A shekarar aka sake buga kwabo. Hasumiyoyin mai suna nan, sai dai jikin ya ƙanƙance, kuma tagullar ta tafi, baƙin ƙarfe ne aka shafe da ruwan jan ƙarfe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: idan ƙarfen da ke cikin kuɗi ya fi kuɗin tsada, gwamnati tana bugawa da asara, maƙera kuma suna samun kayan aiki a arha. An daina buga rabin kwabo da kwabo 5. Takardun kwabo 50 da naira ɗaya suka koma sulalla, na farko da hoton masara, na biyu da fuskar Herbert Macaulay.

Shekarar 2007 ta zo da ƙoƙari biyu na ceto, duka a zamanin Farfesa Charles Soludo. A watan Fabrairu aka fitar da sababbin sulalla na kwabo 50 da naira 1 da naira 2, na ƙarshen yana ɗauke da ginin Majalisar Tarayya, aka kuma ɗora wa bankuna sharaɗin cewa wani kaso na kuɗin da ake cirewa ya zama na sulalla. A rana guda aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi, shekara ɗari cif bayan haruffan Larabci sun fara bayyana a kan kwabo mai huda. Sulallan sun yi kyau, amma kasuwa ta ƙi su, kuma ba don taurin kai ba. Babu abin da naira 2 take saya a lokacin, kuma ba wanda zai cika aljihu da ƙarfe don hawa mota daga Nyanya zuwa Sakatariya. Ƙoƙari na biyu shi ne wanda ya taɓa tushen matsalar. A watan Agusta Soludo ya sanar da shirin cire sifili biyu daga naira, ta yadda tsohuwar naira ɗaya za ta zama sabon kwabo ɗaya. Da an yi, da kwabo ya dawo hannu, kamar yadda fesewa ta dawo a Gana bayan an cire sifili huɗu daga sidi a watan Yulin shekarar. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya dakatar da shirin cikin kwanaki.

Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sake gwadawa ta wata hanya a watan Agustan 2012, da shawarar mayar da naira 5 da 10 da 20 sulalla. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin sulalla yakan yi shekaru gommai yana zagayawa, ƙaramar takarda kuwa tana yagewa a sake bugawa da kuɗin jama'a. Amma an haɗa shawarar da batun takardar naira 5,000, hayaniyar da ta tashi ta tafi da su duka, Shugaba Goodluck Jonathan ya jingine shirin a watan Satumba.

Rashin ƙaramin canji ba shi ne ya haifar da hauhawar farashi ba, hauhawar ce ta kashe canjin. Amma da ya mutu, sai ya bar wani haraji da ba a rubuta a kowace doka ba. Inda babu abin biyan tsaka-tsaki, farashi ba ya takawa, tsalle yake yi. Ledar fiya wata ta tashi daga naira 5 zuwa 10, daga nan 20, daga nan 50, kuɗin mota yana ƙaruwa da hamsin-hamsin ko ɗari-ɗari, a manyan kantuna kuma akan miƙa wa mutum alawa a madadin canjinsa. Darakta ba zai ji wannan a jikinsa ba. Masinja da direba da mai shara, waɗanda sayayyarsu ta ƙanana ce sau da yawa a rana, su ne suke biya. Maƙwabtanmu na Nijar, inda Bahaushe yake ƙirga kuɗi da dala, wato sefa 5, har gobe suna karɓar canji da sulalla a kasuwannin Maraɗi da Damagaram.

Mai son ganin kwabo da idonsa yanzu sai ya nemi gidan tarihin kuɗi da ke hedikwatar Babban Banki a nan Abuja, ko ya bincika tsohuwar adakar kakarsa. Idan ya same shi, ya juya bayan ya dubi hasumiyoyin, sannan ya yi lissafi. A 1982 irinsa guda 20 suna sayen litar fetur ɗaya. A 1991 ana buƙatar 70. A watan Oktoban 2024, da lita ta haura naira 1,000 a gidajen man Abuja, ana buƙatar fiye da 100,000. A ƙirgan fataken Kano na zamanin wuri, keso biyar ke nan.