Yadda Ƙwayoyin da Ke Samar da Insulin Suke Gyara Ɓarnar Kumburi

A cikin fankiriyas, gaɓar da ke kwance a bayan tumbi, akwai ƙananan tsibirai na ƙwayoyin halitta waɗanda Bajamushe Paul Langerhans ya fara bayyanawa a 1869, kuma a nan ne ƙwayoyin beta masu samar da insulin suke. Da yake ba kasafai suke hayayyafa a jikin baligi ba, wadda ta mutu da wuya a sami madadinta, don haka gyaran DNA, wato zaren da ke ɗauke da umarnin gado, ya zame musu tilas.

A ciwon sukari nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke afka wa tsibiran, tana sakin sinadaran kumburi da ake kira saitokin, musamman IL-1, waɗanda ke sa ƙwayar beta ta samar da iskar naitirik oksaid da kanta. Iskar tana tsinka zaren DNA, tana kuma dakushe mitokondiriya, sashen da ke samar wa ƙwaya kuzari, har fitar insulin ta tsaya. Abin mamaki shi ne, binciken John Corbett da abokan aikinsa a Amurka ya nuna cewa iskar da ta yi ɓarnar ita ce kuma ke tayar da gyaran, domin tana tura furotin FoxO1 cikin cibiyar ƙwaya, inda yake kunna GADD45, mai taimakawa wajen ɗinke tsinkar, muddin furotin SIRT1 yana aiki sosai. Idan kuwa SIRT1 ya yi rauni, sai FoxO1 ɗin ya koma kunna umarnin mutuwa. Lokaci ma yana da nasa hukunci, don a gwajin tsibiran ɓera, ƙwayoyin sun farfaɗo da aka tsayar da iskar bayan awa 24, amma bayan awa 36 ɓarnar ta ƙi gyaruwa.

Shi kansa gyaran yana da tsada. Tun 1981 Hiroshi Okamoto na Japan ya nuna cewa PARP, furotin da ke gano tsinkar DNA, yana cinye sinadarin NAD, wanda kuzarin ƙwaya ya dogara a kansa, har ƙwayar ta mutu garin neman gyara. Wannan ya sa aka kyautata zato ga nikotinamaid, wani nau'in bitamin B3 mai rage aikin PARP, sai dai babban gwajin ENDIT, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2004, ya nuna bai hana mutane kamuwa da ciwon ba.