Haƙorin da Aka Cike Amma Bai Yi Shiru Ba

Mutum ya je asibiti, likita ya kankare kogon haƙori ya cike shi, ya dawo gida da murna. Washegari ya kurɓi ruwan randa mai sanyi, sai ya ji tsam har cikin ƙwaƙwalwa. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne likita ya ɓata aiki. Sau da yawa ba haka ba ne.

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawo na waje, wanda babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam. Ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan rawaya, cike da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, kowace da ruwa a ciki. Can tsakiya kuma ɓargon haƙori yake, inda jijiya da hanyoyin jini suke zaune. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Martin Brännström, ya bayyana a shekarun 1960 cewa sanyi ko zaƙi kan motsa ruwan da ke cikin kafofin nan, motsin kuma shi ke tsokanar jijiya. To, injin da ya kankare ruɓa ya buɗe kafofi da yawa, ya kuma girgiza ɓargon. Ba mamaki haƙori ya yi fushi na kwanaki, wani lokaci har mako biyu zuwa huɗu, musamman in kogon ya yi zurfi.

Wani ciwon ma gyaransa na mintoci ne. Idan ciko ya ɗara sauran haƙora tsawo, ko da kaurin takarda ne, shi zai riƙa fara karɓar nauyin tauna. Likita zai sa wata 'yar takarda mai launi a ciza, ya ga inda ta bar shaida, ya goge wurin. Shi ke nan.

Abin lura na gaskiya shi ne tsawon lokacin da zafin yake ɗauka. In an kurɓi ruwan sanyi, ya yi tsam, ya wuce cikin daƙiƙa kaɗan, kuma kullum yana raguwa, ɓargon na iya warkewa da kansa. Haƙuri ne maganinsa. In kuwa an haɗiye ruwan amma zugin ya zauna, ya haura rabin minti ko ya kai mintoci, labari ya sauya. Haka ma in ciwon na tasowa ba tare da an ci ko an sha komai ba, ko yana ta da mutum daga barci, ko shayi mai zafi ne ke tunzura shi. Akwai wanda za ka gani da gorar ruwan ƙanƙara a hannu, yana guntsa yana riƙewa a kumatu domin ita kaɗai ke lafa masa. A irin wannan hali ɓargon ya kumbura a cikin ɗakin da ba ya buɗewa, kuma da wuya ya dawo.

A nan ne mutane kan yaudari kansu. Bayan kwanaki ciwon na iya ɗaukewa gaba ɗaya, a ce kanumfarin da aka sa wa haƙorin ne ya yi aiki. Kanumfari na dusashe zafi, gaskiya ne, amma shirun kan zama alamar jijiya ta mutu. Ƙwayoyin cuta su ci gaba da gangarawa zuwa ƙarshen saiwa, mugunya ta taru, wata rana a wayi gari kunci ya haye. Kafso na kemis ba ya fitar da mataccen ɓargo, domin jini ya daina kaiwa can balle ya kai magani.

Likita ba ya yanke hukunci da labarin baki kawai. Zai ɗora auduga mai tsananin sanyi a haƙorin ya ƙirga lokaci, ya ƙwanƙwasa shi, ya ɗauki hoton saiwar. In ya tabbata ɓargon ya lalace, zaɓi biyu ne: a cire haƙorin, ko a cire jijiyar a bar shi, aikin da likitoci ke kira rut kanal. Bayan allurar kashe zafi, ana huda haƙorin ta sama, a share kowace hanya ta cikin saiwa da siraran ƙarafa, a wanke, a toshe da gutta-percha, wani ƙaro da ake samu daga itatuwan yankin Malesiya. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi. Turmi kuwa uku ko huɗu, shi ya sa aikinsa ya fi tsada da cin lokaci, kuma yakan buƙaci a sa masa hula don kada ya tsage.

Cirewa ta fi araha, babu musu, kuma akwai haƙorin da ya tsage har saiwa wanda ba ya cetuwa. Amma giɓin turmi ba ya zama haka nan: maƙwabtansa kan karkato ciki, na sama ya sauko in giɓin a ƙasa yake, tauna ta koma gefe guda. Wanda ya iya biya, in likita ya ce haƙorin zai tsaya, a ganina gara ya riƙe nasa.