Sirrin ɗigon tawada: Abin da ke sa hoto dushewa a maɗaba'a

A duk ƙarshen shekara, ma'aikatun gwamnatin tarayya a Abuja kan shiga hidimar buga kalanda da rahoton shekara. Sau da yawa sai an sauke katan-katan a ofis sannan a ga hoton minista ya fito dishi-dishi, alhali kuɗi sun riga sun fita. Akan ɗora wa maɗaba'a laifi, amma galibi matsalar tana farawa ne daga teburin jami'in da ya tura hoton.

Injin ɗab'i abu biyu kawai ya sani: ko ya zuba tawada ko ya bar takarda fara. Shi ya sa ake farfasa hoto zuwa ɗigo-ɗigo, manya inda ake son duhu, ƙanana inda ake son haske, ido kuma ya haɗe su. Ana auna su da yawan layukan ɗigo a inci ɗaya. Jarida kan yi amfani da kimanin 85, mujalla mai takarda mai sheƙi kuwa kimanin 150.

Ƙa'idar masu sana'ar ita ce ƙwayoyin hoton da ke kwamfuta su ninka wannan adadi sau biyu, wato 300 a kowane inci ga aikin mujalla, a girman da za a buga shi. Hoton da aka tura ta WhatsApp kuwa manhajar kan matse shi, sai dai in an aika shi a matsayin fayil. Abin da ya zube a nan, babu injin da zai dawo da shi.

Takarda ma tana da nata tasiri. Marar sheƙi takan sha tawada, ɗigon ya bazu, fuska ta yi duhu. Haka nan idan aka kwafo hoto daga tsohuwar kalanda, tsofaffin ɗigogi kan ci karo da sababbi, wani zane mai kama da saƙar tabarma ya bayyana.

Wasu maɗaba'u na amfani da dabarar warwatsa ƙananan ɗigogi masu girma ɗaya maimakon jera su a layi. Wannan kan fito da zare-zaren aikin babbar riga da na hula sarai, sai dai yana buƙatar inji mai kyakkyawan saiti.

Don haka kafin jami'i ya sa hannu, ya kamata ya nemi bugun gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita. Gyaran kwafi ɗaya ya fi sauƙi a kan yi wa mai gida bayanin dubban kwafi da suka lalace.