Yadda A Ke Ajiye Kayan Nutso

Mu a Arewa mun san masu nutso na Argungu, da gora da homa. Amma a Fatakwal, inda 'yan'uwanmu da yawa su ke kasuwanci, na ga waɗansu dabam, masu aiki a ƙarƙashin ruwa. Su kan goya tulun iska, su shaƙa ta wata na'ura wadda Cousteau da Gagnan suka ƙaga a Faransa cikin 1943.

In damina ta yi ƙarfi aiki ya tsaya, sai ajiya. Da fari a kan wanke kayan da ruwan daɗi, don gishirin teku ya kan ci ƙarfe. Sa'an nan a shanya su a inuwa, gama rana ta kan tsattsage roba. Tabarau kuwa sai cikin akwati, don kyankyaso na gaigayar bakinsa.

Abin da na fi so ku lura da shi, shi ne tulun. Ba a ajiye shi wayam, lalle a bar 'yar iska a ciki. In babu, laimar Fatakwal za ta shiga, tsatsa ta ci shi ta ciki inda ido ba ya gani, alhali kuwa da shi mutum zai yi numfashi a ƙarƙashin ruwa.