Masu Tsaro Biyu a Ƙofar Imel

Lokacin da ganuwar Sakkwato take tsaye, fataken da suka biyo hanyar arewa ta Ƙofar Kware suke shigowa, mai tsaron ƙofa yana kallon kowa da kayansa. Akwatin imel ma yana da mai tsaro, kuma iri biyu ne.

Na farko mai awo ne. Manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fitar a 2001, tana gwada saƙo da ɗaruruwan ƙa'idoji, kowace da makinta. Kanu da manyan baƙaƙe zalla, a ɗora maki. Ambaton maƙudan kuɗi, a ƙara. Adireshin da ya kasa tabbatar da inda ya fito, a sake ƙarawa. Jimla ta kai 5, sai a buga wa saƙon tambarin shara. Kyawunsa, ba ya ɓoye hujja: mai kula da imel na ofis zai iya buɗewa ya ga abin da ya kayar da saƙon. Sai dai ba a garinmu aka yanka mudun nan ba. Saboda ta'asar 'yan 419, har sunan Najeriya wasu ƙa'idojinta suka taɓa ɗauka. Da idona na ga takardar cinikin wani dillalin albasa, wadda ya rubuta kanunta da manyan baƙaƙe don ganin girman mai saye, ta kwana huɗu a kwandon shara. Mai saye yana can yana jira, albasa tana nan tana tsiro a buhu. Abin ya tsaya min a rai.

Na biyu mai sanin fuska ne. Paul Graham ya yayata dabarar a 2002: matatar imel ta ƙirga kalmomin saƙonnin da kai kanka ka karɓa da waɗanda ka watsar, ta yi hukunci da su. SpamAssassin ma tana da wannan matata, amma ba ta fara aiki sai an nuna mata saƙonni nagari 200 da na banza 200. Daga nan takan gane cewa doguwar gaisuwarmu, da tambayar iyali da gajiya, alamar mutumin gida ce. Amma in ka yi mata mugun koyi, shi za ta riƙe.

Ni na biyun nake goyon baya, na farkon ya zama mataimakinsa. Mai saita matatar kada tsoro ya sa ya sauke ma'auni zuwa 3. Ya bar shi a 5, ya hana sharewa kai tsaye, kuma kowace safiya ya leƙa saƙonnin da aka tsare kafin ya taɓa wani aiki.