Kuza da Yaƙi: Tafiya Daga Bebeji Zuwa Bakin Ramin Riruwai

A dajin Cu Chi, arewa maso yammacin birnin Ho Chi Minh na ƙasar Biyetnam, ɗan jagora kan tsayar da baƙinsa a wani fili da busassun ganyaye suka rufe, ya ce su nemo masa ƙofa. Su yi ta dube-dube, babu mai gani. Can sai ya sa ƙafa ya share ganyen, wani ɗan murfin katako ya bayyana, girmansa bai fi allon almajiri da wani abin kirki ba. Ya zura ƙafafu cikin ramin, ya ɗaga murfin bisa kansa da hannu biyu, ya sulale. Kafin baƙi su rufe baki, ƙasa ta haɗiye shi.

A ƙarƙashin wannan daji akwai hanyoyin da tsawonsu ya kai kimanin kilomita 250 a lokacin da yaƙi ya yi tsanani. An fara haƙa su a ƙarshen shekarun 1940, zamanin faɗa da Faransa, aka faɗaɗa su a shekarun 1960 da Amurka ta shigo. Hawa uku ne, na ƙasa ya kai zurfin mita 10. Akwai ɗakin kwana, ɗakin jinya, rumbun makamai da madafa wadda ake karkatar da hayaƙinta ya fita can nesa, kaɗan-kaɗan, don kada jirgin sama ya hango. Kafofin shan iska kuwa an yi musu siffar suri. Yau an ƙara wa wani yanki faɗi saboda baƙi, amma duk da haka sai da rarrafe ko tafiyar tsugune. In an fito, a miƙa wa mutum dafaffen rogo da dakakkiyar gyaɗa mai gishiri, abincin da mayaƙan suka rayu a kansa. Bakano ba ya bukatar a koya masa cin wannan.

Jihar Kano ba a san ta da rami irin na Cu Chi ba. Amma a can ƙarshen kudancinta, inda ta haɗa iyaka da Kaduna da Bauchi, akwai wani rami da aka sassaƙa cikin dutse, kuma abin da aka shiga nema a cikinsa, wato kuza, yaƙi ya daɗe yana bin sawunsa. Wurin shi ne Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa. Hanyar zuwa can ma kanta cike take da labarin yaƙi, in da akwai mai faɗa wa matafiyi.

Wanda ya taso daga birnin Kano ta titin Zariya zai ratsa ƙasar Bebeji. Yawancin mutane madatsar ruwan Tiga suka sani a nan, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo. Kaɗan ne ke tuna cewa Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa, zangon fatake, wanda Bature Clapperton ya yaba girmansa a 1826. A ƙarshen watan Janairun 1903 Kanar Morland ya taso daga Zariya da rundunar da za ta ci Kano, kuma a Bebeji aka fara tare shi. Mutanen gari suka rufe ƙofa. Igwa ta fasa ta, aka kashe sarkin garin da mutane da dama. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗa hannun Turawa. Ganuwar ƙasa da ta gagari doki da kibiya shekaru aru-aru ta kasa yini guda a gaban igwa, kuma Bebeji ce ta fara ɗanɗana wannan a ƙasar Kano.

A Kwanar Ɗangora, ƙasar Kiru, ake barin titin Zariya a kama hanyar Jos. Daga nan sai Tudun Wadan Ɗankadai da buhunan shinkafarta, sai dajin Falgore, wanda a shekarun baya ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mayar mafaka har sojoji suka kafa wurin atisaye a cikinsa. Direbobin hanyar har yau sun fi son ratsa shi da rana. Ana fita daga dajin ƙasa ta canza: iska ta yi sanyi, masara ta yi tsawo, duwatsu suka fara tasowa. Tsaunukan Riruwai su ne mafi tsayi a jihar, sun haura mita 1,000, kuma nan ne damina ta fi daɗewa.

Masana duwatsu sun ce waɗannan tsaunuka gindin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda ya huce fiye da shekara miliyan 160 da suka wuce. Yayin da yake hucewa, ruwan zafi mai ɗauke da ma'adinai ya bi tsagogin dutsen ya daskare. Haka aka sami wata jijiya mai tsawon kusan kilomita 5, ta miƙe daga gabas zuwa yamma, ta nutsa ƙasa ɗaruruwan mitoci. A cikinta akwai kuza, akwai ma'adinin zinki, akwai wulfuram da ake ƙara wa ƙarfe tauri da shi.

Mutanen Riruwai ba su jira masana ba. Tun kafin Turawa suna wanke kuza a rafi, su zuba a tanderun ƙasa da gawayi, a yi ta zuga da zugazugi har ta narke. Dabarar da suka yi fice da ita ita ce ta zubi: a jera tsinkayen ciyawa cikin jiƙaƙƙen toka, a zare su, a tsiyaya narkakkiyar kuzar, wadda suke kira dalma, cikin kafofin. In ta huce sai ta fito siriri kamar tsinken tsintsiya. A ɗaura dami-dami, fatake su kai Kurmi a birnin Kano da kasuwannin da suka fi nan nisa, maƙeran fari su saya su shafe kayan tagulla ko su yi kayan ado.

Yaƙin farko da ya taɓa wannan sana'a na gida ne. A wajajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa ya yi rigima da masarautar Kano kan haraji, ya koma duwatsun Ningi da mabiyansa. Magadansa, musamman Ɗan Maje, suka hana kudancin Kano barci a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi: a kai hari, a ƙone gari, a kwashi mutane da dabbobi, a koma kan dutse. Duk ƙauyen da ba shi da ganuwa, dutse da kogo ne mafakarsa. A cikin wannan tashin hankali masu narka kuza na Riruwai suka watse, wasunsu suka kafa Ririwan Dalma, wadda ke ƙasar Toro ta Jihar Bauchi a yau. Shi ya sa tsofaffin takardun Turawa ke bambanta gari biyu, na Kano da na Dalma.

Waɗancan siraran sandunan dalma ne suka ja Turawa. Ma'aikatan Kamfanin Neja sun gan su a hannun 'yan kasuwa a bakin Binuwai, suka yi ta bin diddigi. A 1903 Henry Laws ya isa tudun Jos, ya tarar da kuza a kogin Dilimi. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka cika ƙasar, aka shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya wanda ya isa Rahama a 1912, ya kai Bukuru a 1914. Dokar Turawa ta ba kamfanoni filayen kuza, tanderun gargajiya suka mutu, jikokin masu narka dalma suka koma leburori masu ɗaukar kwano a ka.

Sai yaƙin Hitila. Kafin yaƙin, Malaya, wadda ke hannun Ingila, ita ce ta fi kowace ƙasa samar da kuza. Japan ta afka wa Malaya a Disamban 1941, Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairun 1942. Ga shi kuwa ba a yaƙin zamani babu kuza: da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake liƙe wayoyin rediyo, tana cikin sassan injin jirgi da na tankar yaƙi. Landan ta juyo kan Nijeriya. Gwamnatin Gwamna Bourdillon ta kafa dokar aikin dole a ma'adinan kuza, abin da talakawa suka raɗa wa suna ɗiban gwamna.

Yadda abin yake, a aiko wa sarki da adadi, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya nuna gida. Wanda aka nuna ya bar gona, ko da kuwa tsakiyar damina ce, ya tafi aikin kimanin wata huɗu. Tsakanin 1942 da 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa, akasarinsu zuwa tudun Jos. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina ya tsinci kansa cikin sanyin da bai taɓa ji ba, a bukkar da aka yi cikin gaggawa, ga abinci ba ya isa, ga ciwon huhu da gudawa. Da yawa sun mutu, musamman a aikin madatsar Tenti, wasu suka gudu suka bi daji zuwa gida. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan 17,000, adadin da ƙasar ba ta taɓa kai wa ba. An soke dokar a 1944 bayan surutu ya yi yawa har a majalisar Ingila. Sojojinmu da suka je Bama ana tuna su kowace shekara, kuma sun cancanta. Waɗannan kuwa, da suka yi yaƙin da diga da shebur da kwano, ba su da ko allon suna a bakin hanya, kuma wannan abin takaici ne.

Yaƙin Koriya ma ya taɓa waɗannan duwatsu. A farkon shekarun 1950 Amurka ta shiga tara kwalambait don injin jiragen yaƙi, Nijeriya ce kuma ke samar da kusan dukkan na duniya. Baƙin yashin da 'yan kuza ke zubarwa a da ya zama kuɗi dare ɗaya.

Duk wancan aiki a buɗaɗɗen fili aka yi shi, ana yaye ƙasa ana wankewa. Abin da ya bambanta Riruwai shi ne a nan aka bi jijiyar cikin dutse. A shekarun 1970 Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1972, ta haɗa hannu da kamfanin Gold and Base Metal aka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da nakiya da injin huda dutse, da burin fitar da tan 900 na dutse mai ma'adini kowace rana. Aikin ya kankama a 1979, bai wuce shekara biyar ba ya tsaya. A Oktoban 1985 kasuwar kuza ta duniya ta rushe, farashi ya faɗi warwas, maganar sake buɗewa ta bi ruwa.

Matafiyin da ya isa Riruwai yau ba zai tarar da tagar sayen tikiti ba, ba kuma ɗan jagora mai hular kwano da fitila. Abin da zai gani shi ne tsaunuka, tulin tsakuwar da aka fitar daga cikin dutse, da matasa masu haƙar hannu. Irin haƙar nan ce a ƙasar Jos ake kira loto: rijiya tsaye, a sauka da igiya, in an kai ga kuza a bi ta a kwance da tocila ɗaure a goshi. Baƙo ya fara da gaida masu sarautar gari, ya ce ranka ya daɗe, ya faɗi abin da ya kawo shi, a haɗa shi da ɗan gari. In ya je wurin masu haƙa ya yi musu sannu da aiki, ya nemi izini kafin ya ɗaga waya ɗaukar hoto. Akwai kuma ruwan Zainabi mai zubowa daga dutse, ga mai son ƙarin kallo.

Shiga tsohon rami kuwa, a'a. Ramin da aka kashe injin tsotsar ruwansa ruwa ne ke taruwa a ciki, katakon tokara ya ruɓe, iskar ƙasa ta gurɓace ba tare da wari ba, mutum ya ji jiri kawai ya zube. Ga jemagu da macizai. Ruwan da ya kwana a irin wannan wuri yakan ɗauki gubar ƙarfe, kuma wanda ya tuna yaran Zamfara fiye da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Mayar da rami wurin ziyara aiki ne da aka san yadda ake yi. A garin Aras na Faransa, mahaƙan ma'adinai daga Niyu Zilan suka haɗe tsofaffin ramukan farin dutse a Yaƙin Duniya na Ɗaya, soja 24,000 suka ɓuya ciki kafin harin 9 ga Afrilun 1917. Sai a 2008 aka buɗe wurin ga baƙi, bayan an gyara rufi, an sa fitilu da na'urar sauka zuwa zurfin mita 20, kuma ba a shiga sai rukuni-rukuni, kowa da hular kwano, jagora na gaba. A nan gida ma akwai ramin Ojukwu a Umuahiya, mai zurfin kimanin mita 8, wanda aka gina a 1968 lokacin yaƙin basasa. Yana hannun Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, 'yan makaranta na sauka matakalarsa a layi.

A Cu Chi da Aras da Umuahiya baƙo ba ya buƙatar ganin ramin duka. Ɗan yanki ake gyarawa, sauran aikin na bakin jagora ne. Ta wannan fuskar Riruwai tana da abin da ba a saya da kuɗi, sai dai ba zai jira har abada ba. Wanda aka ɗiba aikin gwamna yana ɗan shekara 18 a 1942, in yana raye ya haura 100, don haka labarin ya koma bakin 'ya'ya da jikoki a ƙauyukan Arewa. Amma wanda ya sauka ramin Riruwai yana ɗan shekara 25 a 1979, yanzu ya ɗan haura 70. Irinsu ne suka san inda hanya ta rabu biyu a cikin dutsen, inda ruwa ke tsattsafowa, da yadda ƙarar nakiya ke isowa ta tafin ƙafa kafin ta iso kunne.